Ɗaukar hoto da ƙaramar kyamara a tsibirin Zanzibar: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na wanda zai tafi hutu bakin teku ne da kyamarar da ke shiga aljihu. Mun ɗauki Unguja, babban tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, a matsayin misali, amma yawancin bayanin zai yi aiki a duk tsibirin da rana ke da ƙarfi kuma iska ke ɗauke da gishiri.

Tunda ina da waya mai kyau, me zai sa in ɗauki wata kyamara?

Idan hoton abinci da na tsayuwa gaban otal kawai ake so, waya ta wadatar. Inda take gazawa shi ne janyo abu daga nesa. Jirgin ruwa mai filafilai da ke can tsakiyar teku, ko biri a kan reshe, waya sai ta yanke hoton ta buɗa shi, ya fito kamar an shafa masa man shanu. Kyamara kuwa da gilashi take janyowa, kaifin hoton bai raguwa sosai. Sannan waya tana yin zafi a rana ta rage hasken fuskarta, ga shi ita ce taswirarka, ita ce tikitinka. Gara a bar mata cajinta.

Wace irin ƙaramar kyamara ce ta dace?

Abin da za a fara dubawa shi ne girman sensa, wato faifan da ke karɓar haske a bayan gilashi. Masu sensa mai "inci ɗaya" (girmanta na gaskiya milimita 13.2 da 8.8 ne) su ne tsaka-tsakin da ya fi dacewa da matafiyi. A cikinsu akwai Sony RX100 da Canon G7 X. Canon G7 X Mark III tana janyowa daga 24 zuwa 100mm, ƙofar haskenta, wato ramin da haske ke shiga ta cikinsa, kuma tana buɗewa har f/1.8 (ƙaramar lamba, babbar ƙofa), saboda haka tana jure duhun lunguna da kasuwar dare. Sony RX100 VII tana kaiwa 200mm, amma ƙofarta f/2.8 zuwa f/4.5 ce, wato ta sayar da ɗan haske ta sayi nisa.

Akwai masu janyowa ninki 30, irin wasu daga cikin Panasonic TZ, waɗanda ke kaiwa 720mm. Sensarsu ƙarama ce, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mai inci ɗaya. Da rana tsaka ba laifi, amma da zarar magariba ta kawo kai hoton ya fara yin tsaki-tsaki. Ricoh GR III tana da babbar sensa da gilashi mai kaifi, sai dai ba ta janyowa ko kaɗan, 28mm ce a kafe, kuma ƙura na iya shiga cikinta. Wanda rabin hutunsa a ruwa zai ƙare ya nemi OM System Tough TG-7, wadda ke jure nutsewa har mita 15. Hotonta a tudu bai kai na sauran ba, amma ita kaɗai ce a cikinsu ba ta tsoron yashi.

Batir nawa da katin memori nawa zan tafi da su?

Batir uku. Na irin waɗannan kyamarori ƙanana ne, a gwajin kamfani suna ba da hoto 200 zuwa 300, kuma idan ka ƙure hasken fuskar kyamara saboda rana, ko kana yawan duba abin da ka ɗauka, ba za ka ga wannan adadin ba. Ka haɗa da caja mai cin batir biyu, don kada kyamara ta kwana a jikin soket. Batiran da ba sa cikin kyamara, da fawa banki, a jakar hannu ake sa su, ba a akwatin da za a auna a kai ƙasan jirgi ba. Soket ɗin Tanzaniya mai baki uku ne irin na Najeriya, mai zuwa daga Nijar da filogi mai baki biyu zagayayyu zai buƙaci adafta.

Lissafin memori kuwa ga shi. Kyamara mai megafiksel 20, idan tana ajiye RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba) da JPEG (wanda ta sarrafa ta matse) tare, kowane hoto yana cin kusan megabait 30. Hoto 200 a rana har kwana bakwai ya zama 1,400, wato gigabait 42 ko kusa da haka. Bidiyon 4K kuma yana iya cin megabait 750 a minti ɗaya. Kati biyu masu gigabait 64 sun fi guda ɗaya mai 128, domin in ɗaya ya lalace ba duka aka rasa ba. A duba alamar U3 ko V30 a jikinsa, kuma a yi masa fomat a cikin kyamarar kanta kafin a bar gida.

Me ya sa farin yashi ke fitowa toka-toka, alhali da ido fari ne tas?

Na'urar awon haske da ke cikin kyamara tana ɗauka cewa duk abin da aka nuna mata matsakaicin haske ne da shi. In ta ga fili cike da farin yashi irin na Nungwi ko Paje, sai ta zaci haske ya yi yawa, ta rage, yashin ya koma launin toka. Maganinsa maɓallin da ke da alamar +/-. A ƙara +0.7, wani lokaci har +1. A kunna histogiram, ɗan zanen tsaunin nan da ke nuna rabon haske: ana so tsaunin ya matsa dama amma kada ya manne da bango. In ya manne, farin ya ƙone, ba abin da kwamfuta za ta iya dawo da shi. Kada ka yarda da abin da idonka ya gani a fuskar kyamara cikin rana, domin komai duhu yake yi maka a nan.

Fuskar mutum tana fitowa baƙi ƙirin idan teku na bayansa. Yaya ake gyarawa?

Wannan ita ce matsalar da ta fi damun masu duhun fata, kuma ta fi tsanani in mutum ya sa farin yadi ko farin mayafi. Tazarar da ke tsakanin hasken yashi da inuwar fuska ta fi abin da ƙaramar sensa ke iya ɗauka a lokaci guda. Ko dai fuska ta fito kaya su ƙone, ko kaya su fito fuska ta ɓace.

Hanya mafi sauƙi ita ce canza wuri. A tsayar da mutum a bakin inuwa, ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa ko gefen jirgin da aka jawo tudu, ya fuskanci fili. Yashin da ke gabansa zai mayar masa da haske a fuska, mai laushi, ba runtse ido. Idan dole sai a cikin rana, a tilasta wa filasha ta tashi ko da kyamara ta ce ba buƙata. Filashar ƙaramar kyamara ba ta da ƙarfi, da rana ba ta wuce mita biyu, saboda haka a matso. In akwai wurin rage ƙarfinta, a sa -0.7 don kada goshi ya yi ƙyalli. Mutum na uku kuma yana iya riƙe farin tawul daga gefe, ɗan ƙasa da haɓa, ya yi aikin madubi.

A kunna gane fuska, domin a kyamarori da yawa awon haske yana bin fuskar da aka gano. A ɗauka da RAW, saboda ana iya ɗaga inuwa daga baya fiye da yadda JPEG ke bari. Hular malafa tana jefa inuwa har hanci, a ɗan tura ta baya. Kuma duk wannan wahalar ta tsakar rana ce. Da hantsi ko bayan la'asar sakaliya, fatar da ta ƙi fitowa da azahar ita ce ke fin kowace kyau.

Wane saiti zan bar kyamara a kai da rana?

Juya maɓallin zaɓen saiti zuwa A (Av a Canon), inda kai ke zaɓar ƙofar haske, ISO (ƙarfin jin hasken sensa) mafi ƙasa, 100 ko 125, ƙofar haske f/4 zuwa f/5.6. A rana mai ƙarfi wannan zai ba da saurin ƙiftawa wajen 1/1000 zuwa 1/2000 na daƙiƙa, wanda ya isa tsayar da igiyar ruwa da yaro mai gudu. Kada a matse ƙofa zuwa f/11 da sunan ƙarin kaifi: a ƙaramar sensa haske yana bazuwa in ramin ya ƙanƙance, hoton ya yi laushi. Idan lambar sauri tana ƙyaftawa, alamar haske ya fi ƙarfin kyamara ke nan, sai a kunna ND, wani baƙin gilashi na ciki da ke rage haske ninki takwas. G7 X tana da shi, haka RX100 III zuwa V.

Launi kuma a ɗauke shi daga kan AWB, inda kyamara ke zaɓar launi da kanta, a sa alamar rana. In aka bar wa kyamara zaɓi, takan "gyara" jan faɗuwar rana ta mayar da shi fari-fari.

Wane lokaci ne ya fi kyau a fita?

Zanzibar tana kusan digiri 6 kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana na fitowa wajen ƙarfe shida zuwa shida da rabi na safe, ta faɗi wajen shida da kwata zuwa bakwai saura kwata, duk shekara. Faɗuwar tata a tsaye take, ba ta jan ƙafa. Kyakkyawan haske bai fi minti 40 kafin ta nutse ba, bayan ta nutse kuma kana da kamar minti 20 kafin duhu. Wanda ya tsaya neman takalmi ya rasa.

Gabar gabas, su Paje da Jambiani da Matemwe, ta fitowar rana ce. Stone Town, tsohon garin Zanzibar, da Kendwa da gefen Nungwi na yamma su ne na faɗuwarta. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku ba lokacin hoton mutane ba ne, amma shi ne lokacin da ruwa ke yin launin shuɗi-kore da ake gani a hotunan talla, saboda rana na ratsa shi har ƙasa. Damina babba daga Maris zuwa Mayu take, ƙarama kuma wajen Nuwamba. Gajimaren da ke biyo bayan ruwa ya fi sararin sama wayam kyau a hoto.

An ce in duba lokacin cikar teku. Me ya haɗa shi da hoto?

A gabar gabas shi ne komai. Teku na cika sau biyu ta janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Kwanakin tsayuwar wata da na tsakiyarsa bambancin ya fi girma, yakan haura mita uku, ruwa ya ja baya ɗaruruwan mitoci. Wanda ya zo ɗaukar ruwa yana dukan gindin kwakwa sai ya tarar da fili fetal. Amma wannan filin shi ne ya fi abin ɗauka: kwale-kwalen ngalawa masu fukafukai biyu zaune a kan yashi, ƙananan kududdufai da sama ke kwance a cikinsu, da layukan turaku da igiyoyi inda matan Paje da Jambiani ke noman ciyawar teku. A sauke kyamara kusa da fuskar kududdufi, kamar taƙi ɗaya daga ruwa, hoton sama zai cika rabin firam.

Otal-otal da yawa suna rubuta jadawalin a allo. A sa takalmin ruwa saboda ƙayar bushiyar teku, kuma a juyo tun ruwa bai fara dawowa ba, domin yana cika ramukan da ke bayanka kafin ya iso gabanka. A Nungwi da Kendwa janyewar ba ta da yawa.

Na fito daga ɗaki gilashi ya yi hazo. Kyamarar ta lalace ne?

A'a, raɓa ce. Kyamara ta kwana a sanyin esi, ta fito cikin iska mai ɗumi da laima, sai ruwa ya kwanta a kanta kamar yadda yake kwanciya a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Gogewa ba ta magani, zai dawo, kuma na cikin gilashi hannu ba ya kai wa gare shi. Kafin a fito, a sa ta a leda mai zif, a matse iska a rufe, a ajiye a baranda minti 20 zuwa 30 har ta ɗauki ɗumin waje, sannan a buɗe. Mai son fitowar rana ya yi wannan tun da ya tashi sallar asuba. Da dare a ajiye ta cikin jaka a rufe, nesa da bakin esi, tare da 'yan ƙullin silika, ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Tanzaniya ta hana shigo da ledar sayayya tun 2019, amma ƙananan masu zif na kayan matafiyi ba sa cikin hanin.

Yaya zan kare ta daga yashi da gishiri?

Gilashin ƙaramar kyamara bututu ne cikin bututu, yana fitowa yana komawa da ƙananan haƙoran roba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsayar da shi, kyamara ta rubuta cewa gilashi ya sami matsala ta mutu. Yawanci ba faɗuwa ke jawo haka ba, aljihu ne da tawul. Kada a ajiye ta a kan tawul, kada a sa ta a aljihun wandon da aka zauna da shi a yashi, kada a taɓa ta da hannun da ke da man kariyar rana. Jakarta daban, mai zif, igiyarta kuma a wuyan hannu.

Kowace yamma a yi mata wannan, bi da bi. A kunna ta gilashi ya fito, a juya shi ƙasa, a hure da 'yar robar hura iska, ba da baki ba. A bi gaɓoɓin da burushi mai laushi. Sai a goge jiki da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan sha. Gilashin gaba shi ne na ƙarshe: gishirin da ya bushe a kansa ƙanƙara ce mai kaifi, in aka goge shi a bushe zai karce. Ɗigo ɗaya na ruwan goge gilashi a kan ƙyalle, ba a kan gilashin ba, a shafa a hankali daga tsakiya zuwa baki.

In gilashi ya maƙale, kada a tura shi da yatsa. A cire batir, a hure kewayen, a mayar da cikakken batir a gwada. In ya ƙi sau biyu ko uku, a bar wa mai gyara.

Idan ta faɗa teku fa?

Cire batir da kati nan take, kada ka kunna don "gani ko tana aiki". Katin yawanci yana tsira: a ɗauraye shi da ruwan sha, a bar shi ya bushe sarai. Kyamarar da ba ta ruwa ba kuwa, in ruwan gishiri ya shige ta, da wuya ta tashi, kuma binne ta cikin shinkafa ba ya cire gishiri.

A cikin jirgin ruwa da ƙarƙashin ruwa fa?

A jirgi, zuwa Changuu wajen manyan kunkuru ko fita yawon faɗuwar rana, sauri kada ya gaza 1/1000 in ana janyowa, kuma kada a jingina gwiwar hannu a jikin jirgi mai inji, girgizarsa na shiga hoto. Kyamara ta zauna a jakar da ruwa ba ya shiga har sai jirgi ya lafa. A kunna layukan raba fuska don daidaita bakin teku, domin karkacewar digiri biyu ma ido na kama ta.

Ƙarƙashin ruwa, wajen Mnemba misali, ja ne launin da ke fara ɓacewa, kafin mita biyar ya tafi. A sa saitin ƙarƙashin ruwa, a tsaya a sama-sama, rana a bayanka, a matsa kusa da kifi ƙasa da mita ɗaya maimakon janyowa. Kafin shiga a duba robar bakin murfin batir: silin gashi ɗaya a kanta ya isa ya shigo da ruwa. Bayan fitowa a jiƙa kyamarar a ruwan daɗi kamar minti goma, murfi a rufe, ta bushe kafin a buɗe.

Lungunan Stone Town duhu, sama kuma haske. Wane saiti?

Tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lungunansa ƙunci gare su, gidaje dogaye. Dabara ita ce a cire sama daga hoton gaba ɗaya. A bar ISO ta zaɓi kanta amma a yi mata iyaka a 1600 (3200 in dole), sauri kada ya gaza 1/125 saboda masu wucewa da babura. Ƙofofin katako masu sassaƙa, masu ƙusoshin tagulla da masu rubutun Larabci a goshi, sun fi fitowa in haske na zuwa daga gefe. A ja baya iyakar yadda lungu ya bari, a ɗan janyo zuwa 50mm, kyamara a miƙe daidai tsakiyar ƙofa. In aka tsaya kusa aka ɗaga ta sama a 24mm, ƙofar sai ta fito kamar za ta faɗi baya.

A lambun Forodhani da yamma samari na tsalle daga kan katanga zuwa cikin teku. Sa 1/1000, ɗauka a jere, ka saita kaifi a bakin katangar tun kafin mai tsalle ya taso. Duhu na yi masu gasa kifi da masu matse rake su kunna fitilu: buɗe ƙofa iyakarta, kada ka janyo (janyowa na rage haske), rage -0.3 zuwa -0.7 don dare ya zauna a darensa, filasha a kashe.

Zan iya ɗaukar mutane?

Da izini. Yawancin mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma abin da ba za ka so baƙo ya yi wa iyalinka a ƙofar gida ba, kada ka yi a can. Sallama tana buɗe hanya, sai ka ce "Naomba kupiga picha", wato ina roƙon ɗaukar hoto. Mata da yawa za su ƙi, masu noman ciyawar teku wasu za su nemi a ba su wani abu, kuma da gaskiyarsu, aiki suke. Yara sai da yardar babba. A kasuwar Darajani, sayen ɗan kayan ƙamshi kafin a fito da kyamara yana sauƙaƙa magana. Gine-ginen gwamnati, sojoji, 'yan sanda da wuraren bincike a tashar jirgi, a bar su.

Birai na dajin Jozani, 100mm ta isa?

Sau da yawa ta isa, domin jajayen biran nan, waɗanda asalinsu na Unguja ne kaɗai, sun saba da mutane, suna saukowa ƙananan rassa. Matsalar ita ce ganye: kyamara na kama reshen gaba ta bar birin. A mayar da wurin saita kaifi ɗigo ɗaya ƙarami, a ɗora shi a ido. In sama ce a bayansa a ƙara +1, sauri 1/500, ba filasha, kuma a tsaya a tazarar da jagora ya ce.

Yaya zan tabbatar hotuna sun iso gida?

Kowane dare a kwafe na ranar zuwa waya ta ƙaramin abin karanta kati mai shiga bakin caji, ya fi Wi-Fi ɗin kyamara sauri, kuma wasu manhajojin suna rage girman hoto ba tare da sun faɗa ba. Kada a goge komai daga kati sai an dawo an ga kwafi biyu. Katin da ya cika a tura ɗan makullin gefensa ƙasa, a ajiye shi tare da fasfo, ba cikin jakar kyamara ba. A gyara agogon kyamara zuwa lokacin Tanzaniya, wanda ke gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, don hotunanta su jeru daidai da na waya. Bayan an dawo, a cire batir, a bar kyamarar kwana biyu a wuri busasshe mai iska kafin a rufe ta a jaka, saboda laimar da ta kwaso ita ce ke haifar da fumfuna a cikin gilashi.